Yadda Ake Dawo da Wanda Ya Bugu a Ka Kan Motsa Jiki, Daga Tsakar Gida Zuwa Mamsha

Aikina gashin ƙashi ne da koya wa marasa lafiya motsa jiki a nan Jidda, kuma da yawa daga cikin 'yan uwanmu Hausawa da ake kawo mini mutane ne da suka bugu a ka: yaro mai kai saƙon abinci a babur da mota ta kaɗe, lebura da ya faɗo daga kan gini, tsohuwa da santsin banɗaki ya kayar. An sallame su daga asibiti, amma ciwon kai da jiri da mantuwa da kasala sun ƙi tafiya. Abin da ake yi musu a gida kusan iri ɗaya ne. A shimfiɗa katifa a ɗaki mai duhu, a kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ce kada ya motsa, har sati uku, har wata biyu. Tausayi ne ke kawo haka, na sani, amma doguwar kwanciyar nan tana ƙara wa ciwon kwana.

Buguwar kai tana rikita tsarin da ke daidaita bugun zuciya da yawan jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai hau bene hawa ɗaya kansa ya fara sarawa. Motsa jikin da ake yi a jere ba tsayawa, mai ɗaga bugun zuciya, irin tafiya ko tuƙa keke, shi ne ke sake saita tsarin nan, amma da sharaɗi guda: a tsaya ƙasa da inda ciwon ke tashi. A shekarar 2019 Dokta John Leddy da abokan aikinsa na jami'ar Buffalo a Amurka sun gwada haka a kan matasa 103 da suka bugu a wajen wasa. Waɗanda aka sa su wannan motsa jiki sun warke a wajen kwana 13, waɗanda aka bar su da miƙe gaɓoɓi kawai sai da suka kai wajen kwana 17. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin yadda ake gano wannan iyaka ne, da yadda ake matsar da ita gaba. Da kai nake, mai jinya, domin wanda ya bugu a ka ba a barinsa ya auna kansa shi kaɗai.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai nuna sakan, ko na waya. In da hali, agogon hannu mai auna bugun zuciya, ko 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ana samunta a saidaliyya, wato kantin magani. In babu, yatsunka biyu sun isa. Littafin rubutu da biro, kuma shi ne mafi muhimmanci a kayan duka. Takalmi mai rufe ƙafa wanda ba ya santsi, ban da silifa. Gorar ruwa. Hular rana ko tabarau mai duhu ga wanda haske ke damunsa. Kujerar roba da za a ajiye a kusa. Keken motsa jiki na cikin ɗaki yana da amfani ƙwarai ga mai jiri, domin kai ba ya girgiza a kansa, amma kada ka ci bashi saboda shi. Sai takardar sallama daga asibiti da sunayen magungunan da yake sha.

1. Ka fara samun izinin likita, ka kuma haddace alamun haɗari

Likitoci suna raba raunin kai gida uku da wani ma'auni na birnin Glasgow da aka fitar a 1974, mai duba buɗe ido da magana da motsi. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 3 zuwa 8 mai tsanani. Ka duba takardar sallama, yawanci lambar tana ciki. Ko wane iri ne, ka tambayi likitan kai tsaye: ya halatta ya fara tafiya? Akwai jini a ƙwaƙwalwa? Wuyansa lafiya? Ka gaya masa in akwai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko farfaɗiya.

Alamun da ba a jira da su: ciwon kai da ke ƙaruwa ba sassauci, amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa, magana ta karye, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, barcin da ake shan wuyar tayar da shi, rikicewa, ko ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne. Ka kira Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, a 997. A yankin Makka da Riyad lambar 911 ma tana aiki. Tambayar da ba ta gaggawa ba kuwa, layin ma'aikatar lafiya 937 ne. Ina roƙonka don Allah, in ka ga ɗaya daga alamun nan, kada tunanin igama, wato takardar izinin zama, ko kuɗi ya sa ka ce a bari sai gobe. Jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai ba ya jiran gobe. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, nasu jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga Baba ya fara rikicewa ko jan ƙafa. Shi ma asibiti ne nan take.

2. Kwana biyun farko

Ga mai rauni mai sauƙi, hutun awa 24 zuwa 48 ne, kamar yadda taron masana da aka yi a Amsterdam a watan Oktoban 2022 ya tsayar. Hutun ma ba na kwanciya kamar gawa ba ne. Ya tashi ya yi alwala, ya ci abinci da mutane, ya ɗan zaga cikin gida. Waya da talabijin a rage sosai a kwanakin nan biyu. Bayan haka sai a fara.

3. Ka koyi awo biyu

Na farko awon ciwo. Kafin a fara, ka tambaye shi: daga 0 zuwa 10, ina ciwon kai da jirin suke yanzu? 0 babu komai, 10 mafi munin da ya taɓa ji. Ka rubuta. In ya ce 7 ko sama, yau ba ranar motsa jiki ba ce. A lokacin da ake tafiya, ƙa'idar ita ce kada ciwon ya haura maki biyu a kan inda aka fara. Wanda ya fara da 3 zai iya kaiwa 4 ko 5 a ci gaba, in ya taɓa 6 a tsaya. Ɗan ƙarin da aka samu kuma ya kamata ya sauka cikin awa guda. Ƙarin maki ɗaya ko biyu ba ya cutar da ƙwaƙwalwa, ka faɗa wa mutanen gida haka tun da wuri don hankalinsu ya kwanta.

A nan ne ake samun matsala da mutanenmu. Ka tambayi Bahaushe yaya jiki, ko yana mutuwa zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wani dattijo da 'yarsa ke kawowa, duk tambayar da na yi amsarsa guda ce. Sai na lura duk lokacin da muka juya kwana yana runtse ido ɗaya, yana laluben bango da bayan hannu. Na ce, "Baba, godiya ga Allah tana nan, ba mu taɓa ta ba. Amma lamba nake roƙo, ku nuna mini da yatsu." Ya yi shiru, sannan ya ɗaga shida. Daga ranar da yatsu muke magana. Ka yi haka da duk wanda lissafi ko kunya ke hana shi faɗa, kuma ka riƙa kallon fuska: yamutsa goshi, runtse ido, tafiya ta karkace, ko mutum ya yi tsit bayan yana hira.

Na biyu awon bugun zuciya. Ka ɗora yatsa manuni da na tsakiya a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ɗan danna har ka ji bugun. Ban da babban yatsanka, yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. Ka ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu. Ka gwada a jikinka sau da yawa kafin ka taɓa nasa.

4. Fitar da iyakarsa

Hanya mafi kyau ita ce gwajin da ake yi a sashen gashi na asibiti, wanda mutanen Buffalo ɗin nan suka tsara. Mutum yana tafiya a kan na'urar tafiya, ana ƙara mata tudu kowane minti ɗaya, har ciwon ya tashi da maki uku ko ya gaji. Bugun zuciyar da aka tsaya a kai shi ne iyakarsa, sai a ce ya riƙa aiki a kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wannan lamba. Wanda ya tsaya a 140 zai yi aiki tsakanin 112 da 126. Kada ka yi wannan gwaji a gida.

In ba a samu gwajin ba, sai lissafin shekaru. Ka cire shekarunsa daga 220. A fara da kashi 55 cikin 100 na abin da ya rage, a hankali a kai kashi 70. Ɗan shekara 30: 190 ke nan, zai fara a wajen 105, wato bugu 26 a sakan 15, ya nufi 133, wato bugu 33. Mai shekara 50: 170, ya fara a wajen 94, ya nufi 119. Ka rubuta lambobin biyu a bangon littafin.

Lissafin nan ba ya aiki ga mai shan maganin hawan jini ko na zuciya irin propranolol ko atenolol da danginsu, domin suna danne bugun zuciya, kuma propranolol ana ba da shi don ciwon kai ma. Irin wannan mutum, da duk wanda aka kasa jin bugunsa, a yi masa awon magana. Ka riƙa jansa da hira kuna tafiya. In yana iya kawo jimla cikakkiya yana ɗan haki, daidai ne. In sai ya yanka magana biyu-biyu don ya ja numfashi, an wuce gona da iri.

5. Wuri da lokaci

Wannan mataki ne ya fi bambanta mu da abin da ake rubutawa a ƙasashen sanyi. Ƙasar da hukuma ke hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba a fitar da mai raunin kai cikin ranarta. Zafi shi kaɗai yana ɗaga bugun zuciya, yana kawo ciwon kai, sai ka kasa gane na rauni ne ko na rana. A Jidda ga laima, gumi ba ya bushewa. Lokacin da na fi so shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta ɗago. Bayan isha ma ana yi, sai dai a gama awa biyu ko uku kafin kwanciya. Ina kuma faɗa da al'adar nan tamu ta kwana hira a wuni barci, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana son barcin dare a kan lokaci.

Satin farko cikin gida ya isa: doguwar baranda, tsakar gida, ko zagayen falo bayan an naɗe dardumar da ke zamewa. Mata da yawa sun fi sakewa a haka, kuma babu abin da ya ragu. Hajiya za ta iya yin tafiyarta a falo da kayan shan iska maimakon abaya da niƙabi a cikin zafi. Saman bene yana da iska da dare, amma sai in katangarsa doguwa ce kuma akwai mai riƙe shi a matakala.

Mutanen Makka, unguwanninku na kan duwatsu akwai tarko. Hawa yana harba bugun zuciya sama da iyaka cikin minti ɗaya, saukowa kuma ta fi haɗari ga mai jiri. A ɗauke shi a mota zuwa wuri shimfiɗaɗɗe, ko a zauna a gida. A Jidda akwai mamsha, wato hanyar da aka keɓe wa masu tafiya da ƙafa, a unguwanni da bakin teku na Kornish. A Madina akwai hanyar ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba, wajen kilomita uku, amma a ɗauki guntu kawai a juyo, tafiyar duka sai nan gaba. Manyan kantuna masu sanyi suna da kyau da rani in an je da safe ana buɗewa. Da dare kuwa fitilu da hayaniya da turmutsutsu kan tayar da jiri tun mutum bai yi taku ɗari ba.

6. Zaman farko

Ya sha ruwa, ya ɗan ci wani abu mara nauyi tun awa guda kafin nan. Kada a ba shi maganin ciwon kai dab da farawa, zai rufe alamar da kuke bi. Gahawa da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari a bar su sai an gama, na ƙarshen ma a bar shi gaba ɗaya. In daga kwance ya tashi, ya zauna a bakin gado minti ɗaya tukun.

Ka rubuta lambar ciwo da bugun zuciya. Minti biyar na tafiya a hankali. Sannan ya ƙara sauri har bugun ya kai ƙaramar lambar nan, ya riƙe haka minti biyar zuwa goma. Ka tsaya a gefen da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, kada ka riƙe hannunsa sai in ya nema. Kowane minti biyu ko uku ka nemi lamba. Daga nan minti biyar na sassautawa, kada ya zube a kujera kai tsaye, hajijiya kan biyo baya. Ka rubuta komai, ka sake tambaya bayan awa guda, ka sake tambaya washegari da safe. Layi ɗaya a littafi ya wadatar: rana, minti nawa, bugu nawa, ciwo kafin, ciwo a tsakiya, ciwo bayan awa.

7. Yadda ake ƙari

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, kuma lokaci ake fara ƙarawa kafin sauri. In kwana biyu ko uku sun wuce ba a haura maki biyu ba, ƙara minti biyu. Haka har a kai minti 20 a jere, kwana biyar ko shida a sati. Sai an kai nan za a taɓa bugun zuciya: ƙarin bugu 5 zuwa 10 a minti, duk sati ɗaya ko biyu. Sassarfa tana zuwa ne a ƙarshe, domin tana girgiza kai. Ɗaga ƙarfe mai nauyi da duk abin da ke sa yunƙuri da riƙe numfashi a jinkirta su. Inda aka dosa daga baya shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga kowane baligi, aƙalla minti 150 a sati.

Kuskuren da na fi gani shi ne na ranar da aka tashi garau. Saurayi ya ji kansa wasai, ya yi tafiyar awa guda, ya biya ta filin ƙwallo, washegari ya kasa ɗaga kai daga filo, uwarsa ta ce ai ga abin da motsa jikin ya jawo, a koma ɗaki mai duhu. Ranar jin daɗi ma abin da ke littafi za a yi, ba ƙari. In kuma an yi ɓarin, ba a koma farko ba. A huta ranar, washegari a koma matakin da ya wuce lafiya. In sati huɗu ya cika alamun ba su ragu ba, a koma wajen likita. Sau da yawa akan tarar jirin daga kunnen ciki yake, ko ciwon kan daga wuya, ko matsalar ido ce, kuma kowanne da nasa gashin. Mai shan maganin ciwon kai kusan kullum ya faɗa wa likita, domin yawan shan kansa yana haifar da ciwon kai.

8. In raunin matsakaici ne ko mai tsanani

Ƙa'idojin suna nan, sai dai komai ya fi tafiya a hankali, kuma tsarin daga hannun ma'aikatan gashi zai fito. Ana fara wasu da minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a rana, a nufi minti 20 zuwa 30 kwana uku a sati. Wanda ba ya iya tsayuwa da kyau ya yi a zaune: ɗaga gwiwoyi bi da bi kamar mai maci, tare da wurga hannuwa, ko tuƙa keken ɗaki. Wanda aka cire wa ɓangaren ƙoƙon kai ba a mayar ba, ba ya tafiya sai da hular kariya. Mai farfaɗiya ba ya shiga teku ko wurin ninƙaya, ba ya hawa na'urar tafiya shi kaɗai.

Abin da ya fi gajiyar da masu jinya a nan shi ne hali. Raunin gaban ƙwaƙwalwa kan kashe himma, ko ya sa mutum saurin fushi, ko ya hana shi gane cewa yana da matsala. Ba lalaci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Kada ka ce wa yayanka "tashi ka yi motsa jiki", faɗa za a yi. Ka ce, "Yaya, raka ni bakin titi mu sayo burodi." A ɗaure tafiyar da abin da ba a mantawa, kamar bayan asuba ko bayan la'asar a cikin gida, lokaci ɗaya kullum, hanya ɗaya. Irin waɗannan marasa lafiya, abin da iyali kan fara gani shi ne barci ya gyaru, ƙunci ya ragu, kafin a ga canji a ƙafa.

9. Salla, azumi, umra da komawa aiki

In ruku'u da sujada suna tayar da jiri, ya yi salla a zaune har ya lafa, addini ya ba da wannan sauƙi. Azumi kuwa likita ne zai ce, musamman ga mai shan maganin farfaɗiya da ba a tsallake lokacinsa. Wanda aka yarje wa, ya mayar da tafiyarsa bayan buɗe baki da awa ɗaya ko biyu, ban da yammacin da ƙishirwa ta kai maƙura.

Kusan duk wanda ya tashi daga irin wannan jinya burinsa ya yi umrar godiya, kuma ina murna da hakan. Amma ɗawafi zagaye ne cikin cunkoso, ga haske, ga turereniya, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kuma ya kai wajen kilomita uku. Shawarata, a jira sai yana tafiyar minti 45 zuwa awa guda ba tare da ciwon ya motsa ba, kuma ya iya zama cikin taro lafiya. A guji goman ƙarshe na Ramadan, a je da mai rakiya. In zuciya ta ƙi haƙuri, akwai keken guragu da motocin lantarki a Harami, a yi amfani da su.

Babur, tuƙin mota, hawa saman gini da ƙwallon da ake karo, waɗannan sai alamun sun tafi gaba ɗaya, a zaune da kuma bayan motsa jiki mai ƙarfi, sannan likita ya sa hannu. Buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke ta fi ta farkon muni. In mai gidan aikinsa yana matsa masa, a karɓo takardar hutu daga asibiti, ko a nemi a ba shi aikin ƙasa na rabin wuni a cikin inuwa. Ranar komawa wajen likita ka tafi da littafin nan, ka buɗe masa shafin sati biyun ƙarshe, da shi zai yanke hukunci.